Waƙar da na goge a wayar ƙanena

Mun bar Kaduna tun kafin assalatu, ni da wani abokina, muka nufi filin jirgin Abuja. Shi ƙwallon Kofin Duniya ce za ta kai shi Doha, ni kuwa aike. Ƙanena yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a can. Lokacin korona, da aka rufe hanya, yarinyar da zai aura ta gaji da jira ta auri wani. Tun daga nan ya daina ɗaga waya, har ta Hajiyarmu. Ita ta ce in je in gano mata shi da idona.

Doha tsaf take, har ka ji kunyar takalminka. A jirgin ƙasa kowa na ihu da tutarsa, ni ko zama na kasa. A unguwar Bin Omran na sami ƙanena, su huɗu a ɗaki, duk ya rame. Ya sayo min shinkafar Indiyawa da shayin riyal ɗaya. Ban yi cokali uku ba ya kunna wata waƙa a wayarsa, da wani yaren da ban sani ba, muryar namiji kamar an taka masa yatsa. Ta ƙare, ya maimaita. Kwana uku haka! Na ce wannan ce cutar. Yana shiga wanka na goge ta.

Bai yi min faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Bayan sallar Juma'a ya ja ni unguwar Al Asmakh wurin wani dattijo ɗan Romaniya, mai aikin lantarki, wanda aka killace su tare lokacin korona. A wurinsa ya samo waƙar.

Na tambayi dattijon me take cewa. Da guntun Turancinsa ya ce mutum ne masoyiyarsa ta tafi, yana mata fatan alheri zuciyarsa na ƙuna.

"Tsohuwar waƙa ce. An yi rawarta a bikina, an yi a na 'yata. Na sha faɗa wa ƙanenka ba a jin ta a zaune. Yalla, tashi!"

Ya kunna, ya finciko ƙanena. Yaron da ban taɓa gani ya taka rawa ba sai ga shi yana juyi, yana dariya, hawaye na zuba. Kunya ta kama ni. Na zo da faɗa a bakina, ban taɓa tambayarsa me ke ciwo ba.

Ranar da zan taho, ƙanena ya sake karɓo waƙar wurin dattijon ya turo min. "Yaya, ka kunna wa Hajiya. Abin da na kasa faɗa mata ke nan."

Na dawo gida ba tsaraba sai dabino da ita. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ko kalma ɗaya ba ta gane ba.

"Shi ma wannan barin sa aka yi ko?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Kira min ƙanenka."

Ƙara biyu wayar ta yi, ya ɗauka.