Yaron Da Na Ce Ba Shi Da Ƙwaƙwalwa

Edita, a tsakiyar shekarun tamanin ni saurayi ne sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Zariya. Daga gidanmu a Ƙofar Gayan nake hawa keke, riga ta sha guga, biro uku a aljihu. Ba abin da nake taƙama da shi kamar Turancina. Dokar makaranta ita ce kowane darasi da Turanci ake yin sa, yaron da aka kama yana Hausa kuwa a rataya masa kwali a wuya ya yini da shi. Wasu malamai sukan kau da kai, har su ɗan fassara wa yara in abu ya cije. Ni kam ko da wasa, gani nake wanda ya yi haka ya zubar da girmansa.

A aji uku akwai wani yaro ɗan ƙauye da ke zaune wurin kawunsa a Limancin Kona. In na rubuta lambobi zalla a allo, kafin in juyo ya gama. Amma da zarar tambaya ta zo cikin jimlolin Turanci sai ya yi tsuru-tsuru. Jarrabawa kuwa yawancinta haka take, saboda haka kullum yana can ƙasa. Wata rana da aka fita tara, na same shi a bayan aji, yara sun kewaye shi, yana zane a ƙasa da tsinke yana ta zuba Hausa. Ban tsaya na ji abin da yake faɗa ba. Na yi masa bulala, na rataya masa kwalin da hannuna.

Da zango ya ƙare sai ga mahaifinsa, dattijo manomi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis ya durƙusa, kamar ya zo gaban malamin zaure, alhali a haife ya haife ni. Ya roƙe ni don Allah in faɗa masa gaskiya, ko yaron nan yana da kan karatu. Ya ce damina ta matso kuma ba shi da mataimaki, amma in akwai alamar haske zai daure. A garinmu abin da malami ya faɗa a kan ɗalibinsa ba a ja da shi, na kuwa san haka sarai. Duk da haka, a gaban yaron, na ce ba shi da ƙwaƙwalwar karatu. Dattijon ya yi godiya, ya sa mini albarka, suka tafi.

Zango na gaba yaron bai dawo ba, ajin kuma ya zube warwas a lissafi. Da na matsa, shugaban aji ya gaya mini cewa su suke mayar masa da tambaya Hausa, shi kuma ya nuna musu yadda ake warware ta. Ashe darasina yake sake koyarwa a bayan aji ranar da na doke shi. Na ce in an yi hutu zan je ƙauyensu. Hutu ya zo ya wuce, girman kai ya hana ni.

Bayan kusan shekara goma ina gina ɗaki biyu a Tudun Jukun. Magini na ta fama da takarda yana neman yawan bulon da za a ƙaro, sai wani lebura ya dubi katangar ya faɗi adadin, aka duba daidai ne. Ashe yaron nan ne. Ya ajiye kwanon siminti ya durƙusa ya gaishe ni. Na tambayi iyali, ya ce babban ɗansa ya isa shiga makaranta, amma bai sa shi boko ba, don yana ganin irin kansa ɗan ya ɗauko, ni kuma na riga na faɗa musu gaskiya tun tuni. Yana murmushi ya faɗi haka, wallahi babu ƙullaci ko kaɗan a fuskarsa.

Na ja shi gefe na gaya masa ƙarya na yi masa, ya fi kowa a ajin, na roƙi gafararsa. Ya ce haba Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma na ga a idonsa ya ɗauka lallashi ne kawai irin na manya. Na roƙe shi ya kawo mini ɗan in sa shi da kaina, ya ce to. Bai kawo shi ba.

Har yau abin na ci mini rai. Turancinsa na auna, na yanke wa hankalinsa hukunci. 'Yan'uwana malamai, ku koya wa yara Turanci, za su buƙace shi, amma in yaro ya yi shiru ku tambaye shi da harshen da yake ji kafin ku buɗe baki a gaban ubansa. Ni sau biyu na yi wa wannan bawan Allah magana a kan ƙwaƙwalwarsa, ta farkon ce kaɗai ya yarda da ita.