Goggo da Uwar Ƙorafi

Goggo, yayar babana, tela ce, kuma duk layinsu an san ba ta ɗinki shiru. Ƙafa na kan keken ɗinki, baki na aiki. Ba da kowa take ba, da zuciyarta take.

"Ke uwar ƙorafi, yau kuma me aka yi miki? Wa ya tashe ki da safe in ba Ubangiji ba? To, gode masa mu gani."

Bayan rasuwar autarta ta fara haka. Ta taɓa gaya mini, tana zura zare a allura, cewa in ba ka yi wa zuciya magana ba ita za ta yi maka, kuma ba alheri za ta faɗa ba. "Addu'a da Yesu nake yi. Wannan kuwa wa'azi nake wa wadda ta fi kowa taurin kai a cocinmu."

Masu kawo ɗinki kan tsokane ta: "Goggo, ku nawa ne a shagon nan?"

"Mu biyu. Ɗayar ko kalmasa ba ta iya ba, sai surutu."

Da babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, ya zo hutu ya ji ta daga bakin ƙofa, hankalinsa ya tashi. Ya ce tsufa ya fara taɓa mata kai. Ya rufe shagon, ya tafi da ita gidansa, ya roƙe ta ta daina, yaransa na tsorata. Goggo ba ta son ba ɗanta kunya. Ta daina.

Da na je duba ta, na tarar da ita zaune, hannuwa a cinya, duk ta rame. Keken na lungu, an lulluɓe shi da zane.

"Goggo, ina uwar ƙorafi?"

"Ita ke magana yanzu, 'yata. Ni ke saurare."

Na yaye zanen, na taka keken, ba zare ba ƙyalle. Ƙararsa ta cika ɗakin, har Yaya ya leƙo. Can sai leɓunanta suka motsa.

"Ke, ya isa haka. Wanda ya karɓi autarmu ya fi ki iya riƙo."

Yaya ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya yi alkawarin mayar da ita shagonta bayan damina. Ba ta kai ba, ta rasu.

Keken yana ɗakina yanzu. In Yaya ya zo, yakan zauna ya ɗora ƙafa a kai, amma ba ya takawa.