Miyar shuwakar da na ƙi wankewa

Har gobe danginmu a Haɗeja cewa suke boko ce ta hana ni iya miyar shuwaka. Ba haka ba ne, kuma ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na iya sarai. Da gangan na yi.

Zamanin Turawa ne. Na zo hutu daga makarantar 'yan mata a Kano, saura kwana uku in hau jirgi a Malam Madori in koma. Sai ga baffana daga Kirikasamma. Ruwa ya ja baya, kamun kifi ya kankama, matarsa kuma tana jego. Ina bayan zana na ji yana ce wa babanmu, "Yaya, ka ba ni yarinyar nan ta riƙa dafa wa masuntana. Karatun ya isa haka." Baba kuwa bai iya hana ƙaninsa komai ba. Ya ce, "To, ka ɗanɗana hannunta tukuna."

Aka ce in yi masa miyar shuwaka. Shuwakar tana bayan ɗakin kakarmu, ta fi ni tsayi, ta yi fararen furanni. Kowa ya san sai an murje ganyen, an wanke, an sake wankewa har kumfa ta ƙare, sannan ɗacin yake fita. Ni ɗauraya ɗaya na yi, na watsa a tukunya kan lafiyayyiyar tarwaɗa.

Baffa ya kai loma, idonsa ya kawo ruwa. Ga shi baƙo, ba damar tofarwa a gaban yayansa. Ya haɗiye da ƙyar.

Na durƙusa na ce, "Baffa, in ƙaro?"

"A'a 'yata, Allah ya yi albarka!" Ya juya wajen Baba. "Yaya, a mayar da ita makarantar nan. Masuntana guduwa za su yi."

Ina madafa ina ƙunshe dariya, sai ga kaka da kwanon miyar.

"Ja'ira, ni na koya miki wankin shuwaka. Ba zan tona ki ba, amma kifin nan ba za a zubar ba. Zauna."

Ta tsaya a kaina har na suɗe kwanon tas. Har na isa Kano ɗacin yana maƙogwarona.

Ranar na gane cewa wayona bai wuce idon tsohuwa ba, kuma abin da na dafa wa wani sai na ci rabona. A jirgi na yanke shawara: su yi ta cewa ban iya girki ba, ba zan musa ba sai na gama makaranta.