Carbin Alhaji a Aljihuna

Ni ne na yi laifi. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin ta yadda ɗan maigidana zai fito a mugu, ni kuwa wanda aka zalunta. Ba haka aka yi ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina saya wa maigidan nawa, wani dattijo Alhaji, albasa. Sitonsa yana Rumde Ajiya, nan Garwa, layi biyu daga gidanmu. Duk lokacin da aka cire albasa, ni yake turawa Bogo wurin manomansa. Alhaji ba ya rubuta wasiƙa. Yana da wani baƙin carbi mai jan tuntu na fata, in ya miƙa maka shi, bakinka ya zama bakinsa. Manoman nan, Musulminsu da Kiristansu, ba sa sayar wa kowa sai wanda ya zo da carbin. In na dawo kuwa, kafin in sha ruwa Alhaji zai miƙo hannu in sa masa abinsa.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ɗansa da ya yi karatu a Yawunde ya karɓi sito. Ba mu jitu ba, na ce zan tafi in ci gashin kaina. Ya kawo takarda da Faransanci, wadda suke kira kontira. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka ya fassara mini da Hausa har sau biyu: shekara biyu ba zan sayi albasa wurin manomansu ba, ba zan kuma sayar da ita a Garwa ba. Na gane sarai, na sa hannu. Daga baya na riƙa cewa ban gane ba, ƙarya nake yi.

A tafiyata ta ƙarshe na dawo na tarar Alhaji yana asibiti, carbin ya zauna a aljihuna. Ɗan nasa bai ɗauki wannan al'ada a bakin komai ba, bai tambaya ba. Ni ma ban tuna masa ba.

Na gwada ɗaukar fasinja a babur, bayana ya ƙi. Ban iya wata sana'a ba sai albasa. Ko a cikin buhu take, da hannu nake gane wadda za ta jima. Da lokaci ya zagayo, na sayar da babur ɗin na hau motar Bogo.

Babban manomin Alhaji wani tsoho ne Kirista, mutumin kan dutse, wanda na sha cin tuwon gidansa. Ya tare ni da murna, ya gaishe ni da Fulatanci.

“Yaron Alhaji, jam na? Yaya ƙafar tsohon?”

Na ce da sauƙi. Ban ce Alhaji ne ya aiko ni ba. Na dai zaro carbin na shiga ja a gabansa. Ya dubi hannuna ya yi dariya.

“Yau kuma kai ne da ibada? Da a aljihu kake barinsa kamar goro.”

Ya sa aka ɗaure buhuna, maƙwabtansa biyu su ma suka sayar mini. Na biya su da kuɗin babur, na kawo kayan wani ɗaki da na kama haya a bayan kasuwa. A hanya ina ta gaya wa kaina cewa ai bakina bai furta ƙarya ba.

Bayan kwana shida wakilin ɗan Alhaji ya isa Bogo, aka ce masa ai an riga an ba Alhaji. Ba a daɗe ba ma'aikacin kotu ya zo ya sa wa ɗakina kwaɗo, ya liƙa takarda a ƙofa: ba sayarwa, ba kwashewa, sai an yi shari'a.

Wanda ya san zafin Garwa a bazara ya san abin da zai sami albasa a rufaffen ɗaki. Kullum da safe nakan je in tsaya a bakin ƙofar, warin yana ƙaruwa, baƙin ruwa yana bin ƙarƙashinta. Telan da ke gefe yakan ce, “Malam, miyar taka ta nuna, a sauke mana.” Barin gari ba zai yiwu ba, mahaifiyata ba ta iya tafiya, ga mata da yara. A kasuwa ba wanda ya zage ni, sai dai in na zauna a benci, hira ta mutu. Carbin kuwa na kasa ja, na kasa yarwa, na kasa mayarwa.

Sai tsohon Bogo ya kira ni a waya. Bai yi faɗa ba.

“Ɗana, albasa za ta sake fitowa baɗi. Amma daga yau ko Alhaji da kansa ya zo, 'ya'yana sun ce sai sun ga takarda. Shekara talatin ba mu taɓa neman takarda ba.”

Washegari da hantsi na tafi gidan Alhaji. Ɗansa ya tare ni a zaure ya ce Baba ba ya ganin kowa, mu haɗu a kotu. Daga ciki Alhaji ya ce a bar ni in shigo. Yana kwance a tabarma, ya rame ƙwarai. Na gaishe shi. Hannu kawai ya miƙo, kamar yadda ya saba in na dawo daga Bogo.

Na durƙusa na sa masa carbin, na ce, “Baba, na gane takardar kafin in sa hannu. Na riƙe carbinka da gangan, na yi magana da bakinka ba ka aike ni ba, na ɓata abin da ke tsakaninka da mutanen Bogo. Ban zo don a buɗe mini ɗaki ba, abin da kotu ta yanke na karɓa. Na ci amanarka, Baba. Ka yafe mini.”