Bangon Kara da Malam Tankari Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran Malam Tankari, abokin aikina, kuma har yau ban saba ba. Mu biyu ne muke zagaya makarantun ƙauyukan Dogondutsi muna horar da malamai, a kan babur ɗaya. Shi ke tuƙi, ni ke sauka in tura idan yashi ya riƙe mu. Yanzu ni ke tuƙi, ni ke turawa, ba mai yi mini dariya.

Lokacin da aka ce mu koya wa malamai yadda za su karantar da yara sauyin yanayi, an aiko mana da littafi mai hotuna. Ni mutumin takarda ne, na haddace shi tsaf. Tankari kuwa ya duba sau ɗaya ya cusa a jaka.

A ƙauyukanmu azuzuwa da yawa na karan gero ne, iyaye ke ginawa bayan girbi. To shi sai ya tara malamai, ya tsayar da mafi tsawonsu a jikin bango. Na tuna wata rana a Kiyeshe, karan ya tsaya wa wani saurayi a kafaɗa. Tankari ya kira tsohon da ke gadin makarantar ya ce, "Baba, zamaninku ina kara ka tsayawa?"

Tsohon ya ɗaga sandarsa sama da kan saurayin ya ce, "Nan. Mai raƙumi na shiga gona ba a ganin shi."

Daga nan darasi ya tashi. Me ya gajartar da kara? Ruwa ne ya rage, ko lokacinsa ne ya rikice, ko ƙasa ce ta gaji? Ina itatuwan gawo da ke gonaki? Tankari ya ce kowane malami ya fara da bangon ajinsa, ya tura yara su tambayo kakanninsu, sannan a buɗe littafi.

Ni haushi abin yake ba ni. Na ce masa mun zo horo ne, ba hira da masu gadi ba. Har na rubuta a rahoto cewa abokina ba ya bin tsari. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce in hau mu tafi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni neman afuwa har ciwo ya kwantar da shi. Wannan abin na ci mini rai.

Da zai dawo yau, zai tarar da malamai matasa kowa da waya a hannu, sun san sunayen iskar da ke ɗumama duniya da Faransanci fiye da ni. Zai ji daɗi, na sani. Amma zai tambaye su tsawon karan garin da suke koyarwa, ya tarar ba wanda ya sani. Bana zan ajiye aiki, kuma a duk ofishinmu ni kaɗai na rage da na ga yadda yake yi. Ni da na kai ƙararsa.

Watan jiya na je Sukukutane horo na ƙarshe. Karan bai ishi iyaye ba, sun yi rufi da bango biyu, gefe biyu a buɗe. Na rufe littafin, na kira wata malama doguwa na tsayar da ita a jikin bango, na aika a kira mini tsoho. Ban taɓa yin haka ba sai ranar. Muhawara ta kaure har azahar, ba wanda ya nemi a tashi.

Da za mu watse malamar ta ce, "Malam, wagga dabara taka ta yi kyau. Ina ka samo ta?"

Na ce ba tawa ba ce, ta Tankari ce. Suka dubi juna, ba wanda ya san sunan. Sai na ce su koma su zauna, na ba su labarinsa tun daga farko, har da rahoton da na rubuta. Allah Ya jiƙanka, Tankari. Kai ke da gaskiya, na faɗa a gaban mutane, sai dai ba ka wurin.