Ƙyallen da na cusa a bututu

Tsakiyar damina ce, a shekarar da ruwa ya yi yawa har bangon makwabtanmu ya zube. Gero ya yi kyau, amma komai na gida a jiƙe yake, kuma zanzaro ya cika mana ɗakuna a Bodinga. Duk ramin da ya samu sai ya liƙe shi da laka, har bakin buta.

A shekarar ne aka yaye babban ɗana daga koyon kanikanci, ya kafa rumfarsa a bakin titi. Aikin farko babba da ya samu daga yayana ne, wanda ke zaune a Shagari yana jigilar mutane da kaya ranakun kasuwa. Injin motarsa ya gaji, yana ta hayaƙi. Abokansa suka ce ya kai Sakkwato, ya ce yana da ɗa a gida, ba zai kai wa bare ba.

Rumfar ba ta da ƙofa, ga yoyo. Saboda haka da ya warware injin, sai ya wanke ƙarafan da fetur ya kawo gida, ya jera su a kan tabarma a gaban ɗakina. Ya ce, “Inna, don Allah kar kowa shi taɓa.” Na ce to.

Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa, na ga zanzaro yana shiga wani lanƙwasasshen bututu mai rariya a kai ɗaya, yana fita. Na san halinsa. Na yagi bakin tsohon zanena, na cusa a buɗaɗɗen kan, na tura shi ciki sosai da tsinke don kar kaji su ja. Na yi niyyar faɗa masa da yamma. Kafin yamma aka aiko ƙanwata ta haihu a Lambara, na tafi, na yi kwana uku. Da na dawo tabarmar wayam, ya kwashe ya haɗa. Ni da na je ajin yaƙi da jahilci, layi ɗaya a takarda ya ishe ni in bar masa, ban bari ba. Na ma manta da zancen gaba ɗaya.

Ranar da aka ta da motar, ƙararta lafiya lau. Da aka fita gwaji, ba a kai ƙarshen gari ba wata jar fitila ta kama a gaban direba, mai hoton ƙaramar buta. Ɗana ya bayyana mini cewa alama ce baƙin mai ba ya zagaya injin da ƙarfi, kuma in aka matsa, ƙarfe zai ci ƙarfe. Ya duba man, yana nan cike. Ya canza abin da ke kunna fitilar, ta sake kamawa. Ya canza filta. Ya je wurin tsohon maigidansa ya aro gejin auna ƙarfin mai, allurar ta ɗan ɗaga ta koma. Tuwo nake zuba masa ya bar rabi.

A kwana na huɗu yana wanke hannu a bakin rijiya ya ce, “Inna, famhon mai sabo na, metal sabbi na. Abin ga kamar an shaƙe mai wuya. Shina jan mai, man bai zuwa.”

Ludayi ne a hannuna, na ajiye shi a hankali. A take na ga bututun nan da tsinken. Na buɗe baki, sai na ji na ce, “Allah shi hisshe ka.” Na ce wa kaina wataƙila ya gani ya cire tun kafin ya haɗa, wataƙila ba shi ba ne. Haka na yi ta lallashin kaina kwana biyu, shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin mota cikin taɓo.

Ranar Alhamis yayana ya zo da abokansa biyu, ya ce a buɗe ƙasan injin a gabansa, in ba a gane ba zai sa a ja motar zuwa Sakkwato. Matar ɗana ce ta kawo mini labarin, ta kai masa abinci ta tarar. Da aka sauke kaskon man aka kwance bututun, sai ga tsumma baƙi ƙirin a maƙale a bakin famfo. Metal biyu, ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, sun riga sun karce.

Ta ce Kawu ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, “Wanga shi na sabon kayan da ka sa man? Kanikanci ka koyo ko ɗinki?” Mutane suka yi dariya. Ɗana ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Kawu, ka yi haƙuri. Ni na mance shi ciki wurin goge kayan.”

Da la'asar ya shigo, ya gaishe ni kamar kullum. Na ce, “Ka san zanen?”

Ya ce, “Da shi kinka goya ni, ina zan kasa sani nai?”

“To mi ya hana ka hwaɗi?”

“Gaban mutane, Inna? In ce uwata ta?”

Na ce ai sunansa ne zai ɓaci, waɗannan abokan Kawu duk direbobi ne, kafin kasuwa ta ci kowa ya ji. Ya ce ba komai, a bar maganar, ya shige ɗakinsa. Na faɗa wa mahaifinsa bayan magariba. Ya ce abin da na ga ya dace in yi.

Washegari na dama kunu na rufe wa yara, na sa hijabi, na fita bakin titi na shiga motar Shagari. Na sami yayana a ƙofar gidansa tare da wani Alhaji, ɗaya daga cikin abokan nan, suna shan shayi. Ya ce in shiga ciki wurin iyali. Na durƙusa a nan inda nake, na ce, “Yaya, nan zan yi maganar. Shi ma Alhaji shi tsaya shi ji.”