Maganin Basir da Na Sayo wa Ƙanena

Albasa nake sayarwa. Da faranti na fara, ina yawo a layukan unguwarmu Nima, har na kai ga sauke buhuna daga motocin da ke tasowa daga Nijar da Bawku. A gidanmu duk abin da ya taso ni ake kawo wa. In saurara, in yanke shawara, in tura wanda zai yi. Haka na saba, haka kuma na yi ranar da ƙanena ya same ni a rumfa.

Ƙanen nan nawa tela ne, shagonsa na unguwar Mamobi. Uwarmu ta rasu yana ɗan shekara tara, ni na ƙarasa renonsa. A lokacin da nake magana ya shekara huɗu da aure. Matarsa 'yar arewacin ƙasar nan ce, Badagomba, tana sayar da shinkafa da wake da safe a bakin layinsu, Hausarta kuma ta Zango ce, irin ta unguwannin baƙi, rabi Tuwi, yaren mutanen kudu. Ba su samu haihuwa ba, abin yana damunta. Yana kuma da wani aboki, direba, mazaunin Kanda. Na san irin abotar da ke tsakaninsu tun kafin auren. Ƙanena yana tarayya da maza. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba, amma ni na goya shi, ba sai an faɗa mini ba.

Ya zo bayan azahar, lokacin da ciniki ke lafawa. Ya tsaya yana taɓa buhu.

“Tela, yau zare ya ƙare ne ka zo yawon kasuwa?” na ce.

“Yaya, magana ce.”

Na kore masu dakon da ke hutawa a inuwa, muka koma bayan buhuna. Ya ce wani ƙurji ne ya fito masa, sati guda ke nan, ba ya ciwo, ba ya kuma tafiya. Na ce a ina. Ya dubi ƙasa. Daga baya ya ce a baya ne, wajen bahaya.

“To ka tafi asibiti mana.”

“Wane asibitin? Wadda ke rubuta kati ni na ɗinka mata kayan sallah. In nas ta duba wurin nan, ta san yadda aka yi. Kafin in hau mota labari ya riga ni gida.”

Ban ce masa ƙarya yake ba. A shekarun nan magana ta yi zafi a kan irinsu, a rediyo da masallaci da bakin famfo. Na ga yadda samarin unguwa suka yi wa wani mai aski a kan jita-jita kawai, ya kwashe almakashinsa ya bar gari. Na dubi ƙanena, na ji abin da nake ji tun yana yaro in an doke shi a waje.

“Basir ne,” na ce. “Wa ba ya da basir a Zango? Kana zaune kan keke tun safe har magariba. Koma shago, zan kawo maka magani.”

A wurinmu duk abin da ya taɓa wannan wurin sunansa basir. Jini basir, ƙaiƙayi basir, ƙurji basir. Suna ne mai sauƙi, ana faɗinsa a gaban surukai a yi dariya. Na ba ciwon wannan suna ne don shi ne sunan da ba zai jawo tambaya ba, kafin in kai tasha kuma ni kaina na yarda da shi.

Na shiga mota har wajen kasuwar Makola, inda ba wanda ya san fuskata. Na ce wa mai kemis mijina ne ke fama da basir, har ya yi ƙurji. Ya ba ni man shafawa da ƙwayoyi na kwana biyar. A hanyar dawowa na tsaya wajen wani Bazabarme mai maganin gargajiya, na haɗa da sassaƙe na jiƙo. Ni da ba na karɓar buhun albasa sai an zazzage shi a ƙasa na ga na tsakiya da idona, na sayo maganin ciwon da ba wanda ya duba, har ni.

Bayan sati uku ya leƙo rumfa yana murmushi.

“Yaya likita. Ƙurjin ya tafi.”

“To sai ka ɗinka mini riga kyauta.”

“Yadin da zai zagaye ki ai sai an yi odarsa daga Kumasi.”

Na jefe shi da albasa. Ranar na ji daɗin kaina sosai.

Kamar wata biyu bayan haka wasu tabo ja-ja suka fito masa a tafin hannu. Matarsa ce ma ta nuna mini, ta ce, “Yaya, dubi hannun ƙaninki.” Muka taru a kan cewa rinin shadda ne, don lokacin yana ta ɗinkin biki. Na ce ya riƙa wanke hannu da sabulun salo. Su ma suka ɓace da kansu.

A cikin wannan tsakanin ne matarsa ta samu ciki. Na gane tun wata na biyu, don ta daina jure ƙamshin shito, soyayyen barkonon da take yi wa shinkafarta. Amma cikin fari ne, a wurinmu kuma ba a maganarsa. Mai shi tana jin kunya, manya suna kawar da kai, ga tsoron baki bayan shekara huɗu ana jira. Ta ƙara faɗin mayafi, ni kuma na riƙa aika mata da hanta da ganye ba tare da na ce don me ba. Na san ana zuwa awo. Na yi nawa awon sau huɗu. Amma na ce a bari ya yi ƙwari tukuna, kada a gan ta a layin masu ciki a fara ƙirga mata watanni. Ba ta taka asibiti ba sai da cikin ya shiga wata bakwai, ni na raka ta.

Suka ɗebi jini, suka ce mu jira. Da aka kira ta, ta riƙe mini zane, muka shiga tare. Nas ɗin babbar mace ce, ban taɓa ganinta ba. Ta rufe ƙofa, ta yi magana da Tuwi a hankali. Ta ce an ga ciwon tunjere a jininta. Ta ce ta hanyar kwanciya ake ɗaukarsa, yana farawa da ƙurji marar zafi wanda ke warkewa da kansa, wani lokaci tabo su biyo baya a hannu ko ƙafa, su ma su tafi, amma ciwon yana nan a jini, yana kuma ratsawa ya kai ga abin da ke ciki. Ta ce allura ce maganinsa, za a fara yau, a kawo mijin shi ma.

Ina zaune a kan benci, jakarta a cinyata. Kowace kalma da nas ta faɗa na san ranarta da inda nake tsaye.

Na ce, “Yaron fa?”

Ta ce, “Za mu yi abin da za mu iya. Da an zo da wuri da ban damu ba.”

Daga asibitin ban koma kasuwa ba, shagon ƙanena na wuce. Na tarar yana guga. Na cire wayar dutsen gugar daga bango, na ce ya sa takalmi. Na kai shi wani asibiti can nesa da unguwa. Abin da muka shafe kusan shekara muna gudu bai ɗauki lokacin shan koko ba. Likita ya rufe ƙofa, ya yi masa tambayoyi kai tsaye, ƙanena ya amsa, aka yi masa allura. Da ya fito ya ce likitan bai ko ɗaga gira ba. Ya dai ce a turo abokin, da duk wanda abokin ya sani. Ya kuma ce maza irinsu suna yawan zuwa masa da wannan ciwon, kusan kullum a makare, bayan sun gama shan jiƙo.

Direban ya je, an same shi da shi. Shi ma ya kira wasu. Ban san adadinsu ba, ban nema ba, amma na ga fuskoki biyu da na sani a sahun gaba na masallaci suna kauce wa idona a kasuwa, dukansu da mata a gida.

Kwana biyar bayan allurar farko matar ƙanena ta aiko a kira ni da hantsi. Ta ce tun jiya bai motsa ba. Muka koma asibiti, suka ɗora na'ura a cikin, suka daɗe suna nema. Washegari ta haife shi. Namiji ne, da gashinsa, da faratansa. Bai yi kuka ba, don haka ba suna, ba salla. Ƙanena ya je shago ya yanko farin yadi da almakashinsa, bai kai kamu biyu ba. Maza uku suka tafi da shi maƙabarta a cikin tasi. Ni na zauna da ita.

Mata suka yi ta shigowa. Allah ya ba da mai amfani, Allah ya sa mai ceto ne. Wata ta ce iska ce, wata ta ce baki ne, ai shi ya sa ake ɓoye ciki. Ina amsa musu da amin.

A kwana na tara ne, ina dama mata kunu a ɗakinta da rana, ba kowa sai mu biyu. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

“Yaya.”

“Na'am.”

“Ƙurjin da nas ta faɗa. Ya yi shi?”

“Ya yi.”

“Ke ya gaya wa.”

“Ni ya gaya wa. Ni na sayo masa magani. Na ce basir ne.”

Na ajiye ludayi, na fara shirya yadda zan kare shi, don na ɗauka tambaya ta gaba ita ce wace mace ce. Sai ta ce:

“Direban nan, ni nake zuba masa abinci, Yaya. Na san ba ya son taliya a kan wakensa. Tun shekarar farko na san abin da ke tsakaninsu. Na yi kukana na gama, na ce mutumin nan bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba, zan zauna. Wannan ba ki ɓoye mini komai ba.”

Ta juyo ta dube ni.

“Ciwon ne ban sani ba. Da kin ce mini, je ki a duba jininki, ko ba ki faɗi dalili ba, da na je. Ke ce fa. Me kika taɓa cewa in yi ban yi ba?”

Na buɗe baki in ce ban san tunjere ba ne. Gaskiya ne, ban sani ba. Amma na san ba a duba ba, na san da wa yake kwana, na san kuma gadon da yake komawa. Na tsaya tsakanin ƙanena da mutanen layi, ban waiwaya na ga wadda ke bayansa ba. Sai na ɗauki ludayin na zuba mata kunun.

Ta ƙarasa allurarta, jininta ya yi kyau. Da ta yi arba'in ta haɗa tukwanenta ta koma wajen innarta mai sayar da doya a Old Fadama. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma faɗa wa kowa dalili ba, har yau. Ita ce ta rufa masa asirin da nake taƙamar ni ke rufewa. Ƙanena yana nan a shagonsa. Ya rame, ya daina tsokanata. In na shiga yakan tashi ya ba ni kujera kamar baƙuwa.

Wani lokaci wani namiji yakan tsaya a rumfata ya daɗe yana tayin albasar da ba zai saya ba, sai ya rage murya ya ce tela ne ya turo shi. Ba na tambayar komai. Nakan faɗa masa motar da zai hau da ƙofar asibitin da zai shiga, in ce in yana da mata ya tafi da ita ranar.

Ita kuwa nakan gan ta in na je Old Fadama. Tana sayar da abincinta a bakin inda ake sauke doya, layi har kan titi. Nakan tsaya in gaishe ta. Takan amsa da ladabi, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa. Hajiya take ce mini yanzu.